Ɗakin ƙere-ƙeren da ɗaliban injiniyancin kayan asibiti ke haɗa kayan koyarwa a Kumasi

A ɗaya daga cikin unguwannin da ke bayan Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda mutanen Kumasi suka fi sani da Tek, akwai wani ƙaramin ɗakin ƙere-ƙere mai zaman kansa da ke haɗa kayan koyar da aikin na'urorin asibiti yana sayar wa makarantu. Abin da ya bambanta shi da shagunan kayan lantarki na Adum shi ne waɗanda suke tsara kayan, su gwada su, su kuma rubuta littattafan jagorarsu, ɗaliban digirin farko ne da ake ɗauka a lokacin dogon hutu, ƙarƙashin kulawar wata injiniya da ta daɗe tana gyaran na'urori a asibitoci. Makarantar sakandaren da nake koyar da fizis ta sayi akwatunan kayan koyarwarsu, kuma wasu daga cikin tsofaffin ɗalibaina 'yan Aboabo da Asawase sun yi aiki a wurin, saboda haka na san shi ta fuskar mai saye da kuma ta fuskar wanda yaransa suka zauna a kan bencinsa. Wurin ba na jami'ar ba ne, kuma ba zan kama sunansa ba, tun da zan faɗi aibinsa tare da alherinsa. Ra'ayina shi ne wuri ne da ya cancanci a tura masa yara, ya kuma cancanci a saya daga gare shi, amma da sharuɗɗan da zan kawo a gaba.

Dalilin da ya sa irin wannan aiki yake da nauyi ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibitin gunduma, ya ga na'urori a jere a lungu an lulluɓe su da zane. A shekarar 2011, Lora Perry da Robert Malkin na Jami'ar Duke ta Amurka sun wallafa binciken da suka yi a kan na'urori sama da 112,000 a ƙasashe 16 masu tasowa, inda suka gano cewa kusan kashi 38 cikin ɗari ba sa aiki, kuma manyan dalilan da suka ambata su ne rashin horo, da rashin tsarin kula da kaya, da raunin abubuwa irin su lantarki. Fannin da ya kamata ya magance wannan matsala sabo ne a Ghana idan aka kwatanta shi da sauran rassan injiniyanci. Tek ta buɗe ƙofarta a 1952, ta zama cikakkiyar jami'a a 1961, amma sashen injiniyancin kayan asibiti na Jami'ar Ghana da ke Legon sai bayan shekarar 2000 ya samu, kuma shugabarsa ta farko ita ce Farfesa Elsie Effah Kaufmann, wadda yaranmu suka sani a talabijin tana jagorantar gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa tun 2006. Fannin da bai daɗe ba yakan rasa kayan koyarwa na gida, ya dogara ga littattafan da aka rubuta wa wasu ƙasashe, kuma wannan giɓi ne ɗakin ƙere-ƙeren ya sa kansa a ciki.

Akwatin farko da muka saya na auna lantarkin zuciya ne. A cikinsa akwai allon Arduino Uno, wato ƙaramar kwamfutar da ke karanta alamar lantarki, da ƙaramin allo mai ɗauke da AD8232 na kamfanin Analog Devices, wanda ke ƙara wa alamar zuciya ƙarfi, da wayoyi uku masu faifan liƙawa a fata, da batir, da ƴan kayan haɗa mataci na lantarki. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da mutum ba zai iya oda ta intanet da kansa ba, kuma wanda ya duba farashin kowanne a ware zai ga cewa akwatin ya fi tsada. Abin da ake biya a nan shi ne tunanin da aka jera kayan a kansa. Lantarkin da zuciya ke fitarwa, idan aka auna shi a kan fata, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na bolt ba, alhali Arduino yana karanta daga sifili zuwa bolt 5 ne, yana rarraba su matakai 1,024. Darasin farko yana sa ɗalibi ya lissafa da hannunsa cewa mataki guda ya kusa ninka alamar zuciyar sau biyar, wato idan ba a ƙara mata ƙarfi ba, na'urar ba za ta ma san da ita ba. Daga nan ne ake gabatar masa da mai ƙara ƙarfi, bayan ya riga ya ji buƙatarsa. Na shafe shekaru ina bayyana wannan a kan allo da alli, amma ban taɓa ganin aji ya kama shi da sauri kamar ranar da suka ga layin ya miƙe ɗoɗar a fuskar kwamfuta, sannan ya fara tsalle daidai da bugun ƙirjin abokinsu.

Inda aikin ɗaliban jami'ar ya fi burge ni shi ne darasi na uku, kuma a nan ne nake ganin an yi bincike na gaskiya. Jikin mutum yana kama lantarkin wayoyin gida da ke kewaye da shi, kuma wannan ƙarar tana iya rufe alamar zuciya baki ɗaya. Littattafai da darussan intanet da aka rubuta a Amurka suna koyar da yadda ake haɗa mataci mai cire ƙarar da ke juyawa sau 60 a sakan, domin haka lantarkinsu yake. Namu na Ghana bolt 230 ne, yana juyawa sau 50 a sakan. Ɗalibin da ya kwafi lissafin littafi bai duba ba zai haɗa mataci tsaf, ya kunna, ya tarar ƙarar tana nan daram. Rukunin da ya tsara akwatin ya fara da kwafin ne, ya ga bai yi ba, ya bi diddigin dalili, ya sake lissafin, sannan ya yanke shawarar da na ɗauka ta hikima: maimakon ba wa mai koyo matacin da ya dace kai tsaye, sai suka sa kayan mataci biyu a akwatin, na 60 da na 50, suka bar shi ya gwada kowanne ya rubuta abin da ya gani. Yarana sun fita daga wannan darasi da sanin cewa abin da ke cikin littafi an rubuta shi ne a wani gari, don wayoyin wannan garin, kuma dole ne a tambaya ko ya dace da namu. Wani yaro ma ya lura da kansa cewa ranar da aka ɗauke wuta layin ya fi fita fes, ya kuma bayyana dalili ba tare da na taimaka masa ba.

Akwati na biyu na na'urar nan ce da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin a jini, wadda kowa ya san ta tun lokacin annobar korona. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano hanyarta a farkon shekarun 1970: ana haska yatsa da jan haske da kuma wani hasken da ido ba ya gani, a kwatanta yadda jini ke shanye kowannensu yayin da jijiya ke bugawa. Littafin jagorar ya bayyana wannan a sauƙaƙe, sannan ya kawo binciken da likitocin Jami'ar Michigan suka wallafa a 2020, wanda ya nuna cewa na'urar takan kasa gano ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan sau uku fiye da na farar fata. Ɗaliban ba su yi iƙirarin sun warware matsalar ba, kuma da sun yi da na raina su, domin ba ta warwaruwa sai da gwajin jini a asibiti. Abin da suka yi shi ne darasin da ke sa mai koyo ya kalli ɗanyen adadin hasken da ke dawowa daga yatsu daban-daban, ya ga yadda yake canjawa idan yatsa ya yi sanyi, ko ya motsa, ko hasken rana ya shiga ta gefe. Wata tsohuwar ɗalibata 'yar Asawase, wadda take shekara ta uku a lokacin, ita ce ta ƙara gwajin yatsa mai lalle da marar lalle. Da na tambaye ta yadda aka yi tunanin ya zo mata, sai ta ce, "Malam, rabin matan da za a sa wa wannan abu a unguwarmu da lalle a hannunsu, kuma ban ga an yi maganarsu a darussan da muka karanta ba." Tambayar da ta fito daga zango ce, wato unguwannin Hausawa da sauran Musulmi a garuruwan Ghana, kuma yanzu tana cikin darasin da ake koyarwa a makarantun da ba su da ɗan zango ko ɗaya.

Akwai kuma abin da suke kira darasin ɓarna, wanda nake jin daga gogewar injiniyar ya fito. Kowane akwati yana zuwa da ambulan da malami kaɗai zai buɗe, a ciki akwai waya mai tsinkewa a ɓoye, da mataccen fiyus, da batir mai rauni, da faifan fata da ya bushe. Malami yana sa ɗaya a na'urar a asirce, ya ba ɗalibai mita, ya ce su nemo cutar su rubuta matakan da suka bi. Masu gyara a asibitoci sun daɗe suna faɗin cewa yawancin na'urorin da aka jingine ba wata babbar cuta ce ta kashe su ba, irin waɗannan ƙananan abubuwa ne, don haka wannan darasi ya fi kowanne kusa da aikin da ke jiran wanda zai ƙare a ɗakin gyara na asibitin Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, ko na Korle Bu a Accra.

Ta fuskar ɗalibin jami'a, tsarin wurin yana da tsanani, kuma tsananin ne amfaninsa. Ana ba rukunin mutum uku ko huɗu darasi guda su gina, su fara da karanta abin da wasu suka yi, su rubuta abin da suke so mai koyo ya iya bayan darasin, sannan su taɓa kayan aiki. Kowa yana da littafin rubuta gwaji mai kwanan wata, kuma injiniyar ba ta karɓar "ya yi" ko "bai yi ba" sai da adadi. Babban gwajin yana zuwa a ƙarshe: ana kawo ɗalibin shekarar farko da bai taɓa ganin akwatin ba, a ba shi littafin jagora, a zaunar da marubutan a gefe, a hana su buɗe baki. Duk inda baƙon ya tsaya yana sosa ƙeya, a nan rubutun ya gaza, sai a koma a gyara a sake kawo wani. Yaran da na sani sun shaida mini cewa wannan zama ya fi musu kowace jarrabawa wuya, domin mutum yana iya cin jarrabawa da haddace, amma ba ya iya rubuta wa wani hanyar da shi kansa bai bi ta da fahimta ba. Na ga tasirinsa a rubutunsu na Turanci, na kuma gan shi a yadda suke bayani da Hausa idan iyayensu suka tambaye su me suke karantawa. Biyu daga cikinsu sun ɗora aikin kammala digirinsu a kan abin da suka fara a wurin, da amincewar malamansu na jami'a.

Batun kare lafiya ma sun riƙe shi da kyau. An rubuta da manyan baƙaƙe a murfin kowane akwati cewa kayan koyarwa ne, ba na duba marar lafiya ba, kuma hakan daidai ne, domin na'urar asibiti ta gaskiya sai ta bi ƙa'idojin IEC 60601, wato ƙa'idojin ƙasa da ƙasa na amincin na'urorin asibiti masu aiki da lantarki, sai kuma ta sami rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana, wadda dokar lafiyar jama'a ta 2012 ta ɗora wa wannan nauyi. An hana haɗa akwatin zuciya da kwamfutar da ke jone da wutar bango yayin da wayoyi ke jikin mutum, dole ne komai ya tafi a kan batir. Sun kuma tsara liƙa faifan a wuyan hannu biyu da idon sawu, ba a ƙirji ba, abin da ya sa ɗalibaina mata masu hijabi suka shiga gwajin ba tare da nauyi ko kunya ba. Wannan ƙaramin zaɓi ne a wurin mai tsarawa, amma shi ne ya hana rabin ajina komawa 'yan kallo.

Sai dai a matsayina na mai saye ina da ƙorafi, kuma ba ƙarami ba ne. Kayan sun iso makonni bayan ranar da aka yi mana alkawari, lokacin da zangon karatu ya riga ya yi nisa, kuma sai da na yi ta kira kafin a gaya mini cewa wasu sassa sun maƙale a hanya daga waje. Jinkirin kaya daga ƙetare ba laifinsu ba ne, amma shirun nasu ne. Gidajen robar da suka buga da firinta mai gina abu ba su jure hannun 'yan sakandare ba, maƙallan murfin suka fara karyewa tun kafin zango ya ƙare, har sai da na kai samfuri Suame Magazine, unguwar maƙera da kanikawa ta Kumasi, aka lanƙwasa mini gidajen ƙarfe marasa nauyi, da rufin roba a ciki. Wurin da ke zaune a gari ɗaya da maƙeran Suame bai kamata ya bar mai saye ya gano wannan hanya da kansa ba. Faifan liƙawa a fata kuma masu ƙarewa ne, an sa kaɗan a akwatin, kuma littafin bai faɗi inda za a samo wasu ba.

Aibin da ya fi waɗannan zurfi shi ne rashin ɗorewa. Lokacin da wani darasi ya ƙi tafiya bayan mun sabunta manhajar kwamfuta, na koma wurin na tarar duk waɗanda suka rubuta shi sun kammala sun tafi bautar ƙasa, wani a Tamale, wani a Accra, kuma sababbin da suka gaje su ba su san inda aka ajiye asalin rubutun manhajar ba. An gyara daga baya, amma sai da aka nemi tsohon ɗalibi ta WhatsApp. Wuri mai aiki da ɗalibai ya san cewa kowace shekara ma'aikatansa za su watse, saboda haka miƙa aiki a rubuce ya kamata ya zama sharaɗin sallamar kowane rukuni, kamar yadda gwajin baƙon nan yake sharaɗi.

Ta fuskar ɗalibai kuwa, abubuwa uku ne suke damuna. Na farko, ba a biyan alawus, sai abincin rana a wasu ranaku. Yaron da ke tashi daga Aboabo ko Sabon Zango ya shiga trotro, wato ƙaramar motar haya, zuwa Tek kullum, wanda kuma a al'ada hutunsa a shagon mahaifinsa yake ƙarewa a kasuwar Kejetia yana tara kuɗin zango mai zuwa, zuwa wannan wuri asara biyu ce a gare shi. Na san yaro mai hazaƙa da ya janye a tsakiya saboda wannan dalili kaɗai. Tun da ana sayar da kayan ana karɓar kuɗi, adalci shi ne a ware ko da kuɗin mota. Na biyu, littattafan jagorar da muka karɓa suna ɗauke da sunan ɗakin ƙere-ƙeren kawai, babu sunan ɗaliban da suka rubuta su, har da yarinyar da ta kawo gwajin lalle. Ɗalibin da zai nemi gurbin digiri na biyu ko tallafin karatu yana buƙatar abin da zai nuna ya ce ga aikina, kuma wasiƙar yabo ba ta kai shafi mai ɗauke da sunansa ba. Na yi wa injiniyar wannan magana, ta saurare ni da mutunci, ta ce za a duba a bugu na gaba, kuma ina jiran in gani. Na uku, ba a tallata guraben a fili, labarin yana yawo ne daga baki zuwa baki a tsakanin abokai, kuma irin wannan labari ba kasafai yake isa ga yaran da ke kwana a gida ba a ɗakunan kwanan jami'a ba. Sanarwa guda a allon sashe da wata a masallacin jami'a za su wadatar.

Ga makarantar da ke tunanin saye, ina ba da shawarar akwatin zuciya ba tare da jinkiri ba, musamman idan malamin zai halarci horon yini guda da suke bayarwa, wanda ɗaliban da kansu suke gudanarwa kuma yana cikin farashin. Akwatin oksijin ya fi dacewa da kwalejojin jinya da 'yan shekarar farko ta jami'a fiye da 'yan sakandare, domin lissafinsa ya ɗan yi musu nauyi. A nemi ranar kawo kaya a rubuce, a biya rabi ta wayar hannu a riƙe rabi sai kaya sun iso, a kuma nemi kwafin manhajar tare da akwatin.

Ga ɗalibi kuma, lokacin da ya fi dacewa shi ne hutun ƙarshen shekara ta biyu ko ta uku, bayan ya yi darussan da'irar lantarki da na rubuta manhaja, kuma kafin aikin kammalawa ya sha masa kai. Kafin ya amsa, ya tambayi wanda zai duba aikinsa da sau nawa a mako, ya tambayi ko sunansa zai fito a littafin, ya nemi izini a rubuce na amfani da sakamakon a aikin digirinsa, kuma idan gwajin zai wuce aji ya shafi tattara bayanan jikin mutane don wallafawa, ya tabbatar an bi ta kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a tukuna. Makarantarmu ta amince ta sake oda a shekara mai zuwa, kuma a takardar da muka aika mun sa sharuɗɗa biyu: gidajen ƙarfe maimakon na roba, da sunayen ɗaliban da suka yi aikin a shafin farko na kowane littafin jagora.